Murjani mai ƙashi a tankin lita 60, ga bazara ta kawo kai: in karɓa ko in dakata?

Abban Nana, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar tankin ruwan gishiri. Nawa ƙarami ne, lita 60, tun damina yake tafiya lafiya lau. A ciki akwai kifi biyu, irin masu ruwan lemo da fararen ɗamaru ɗin nan, da murjani mai laushi wanda ba ya yin ƙashi. Yanzu wani mai sayarwa a Legas ya turo mani hoton reshen Acropora shuɗi, wani murjani mai ƙashi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, ya ce in na shirya zai sako mani a jirgi. Gaskiya raina ya biya. Abin da ke sa ni ja da baya shi ne mun shiga Maris, kuma kowa ya san abin da Afrilu ke yi a garin nan. Ina da sola da inbata, amma ba ni da na'urar sanyaya ruwa. In karɓa?

Injiniya, Layout:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce maka eh ko a'a, faɗa mana zafin ruwan tankin da ƙarfe huɗu na yamma, da kuma na asuba.

Abban Nana:
Na yamma a 'yan kwanakin nan yana kai digiri 28, wani lokaci ya ɗan haura. Na asuba ban saba dubawa ba.

Injiniya:
To ai ga amsarka nan. 28 a farkon Maris, alhali ba a fara asalin zafin ba. Idan iskar waje ta haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya ɗauka ya riƙe har tsakar dare, ruwan nan 31 zai kai ko ya wuce. Kada ka karɓa.

Ɗan Rafindadi:
Haba Injiniya, ka cika saurin kashe wa mutum gwiwa. Ba a teku murjani yake rayuwa ba, a ƙasashe masu zafi? Na ga bidiyon na Dubai da Ƙatar, ruwansu yana kai 34 da rani kuma murjanin yana nan. Mu me ya fi mu?

Malama Maman Sadiƙ:
Ƙanena na Rafindadi, abin da ka faɗa game da Tekun Fasha gaskiya ne, murjanin can yana jure ruwan da zai kashe na ko'ina. Sai dai wancan zuri'a ce da ta daɗe a wannan ruwan har ta saba. Wanda ake sayarwa a kasuwar tankuna yawanci asalinsa Indonesiya ne ko Ostiraliya, ko kuma an reno shi a tankin wani mai ruwan digiri 25. Shi za a kawo wa Abban Nana.

Bari in ɗan yi bayani yadda nake yi wa ɗalibaina, don duk muhawarar a nan take. Murjani dabba ne, ba tsiro ba, ba kuma dutse ba. Ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu kewaye da bakin, suna zaune jingim a kan ƙashin da su da kansu suke ginawa da kalsiyam da kabonet da suke zuƙa daga ruwa. A cikin naman kowannensu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke amfani da haske ta haɗa abinci, murjanin ya ci mafi yawan abin da ta haɗa, ita kuma ta sami mafaka. Idan zafi ya yi yawa sai aikin gansakukar ya rikice, ta fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinta, shi kuma ya kore ta. Da ta fita sai naman ya zama garau, ana hango farin ƙashin ta ciki. A lokacin bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji. In ruwa ya dawo daidai da wuri yana iya farfaɗowa, in an daɗe shi ke nan.

Kuma ba wani zafi mai yawa ake buƙata ba. A teku, ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da wurin ya saba gani da rani, in ya ɗauki makonni, ya isa. Haka aka yi a babban shingen murjani na Ostiraliya, mai tsawon sama da kilomita 2,300, a 1998 da 2002, sannan 2016 da 2017 a jere, da 2020 da 2022 da 2024. Teku ke nan mai zurfi da faɗi. Lita 60 a falo kuwa cikin awa uku za ta yi abin da teku ke yi cikin wata.

Mai Tarwaɗa, Sabuwar Unguwa:
Malama Allah ya ƙara ilimi. Amma ni shekaru nake kiwon kifi a siminti da roba, ruwan ya ɗau zafi har hannu ba ya son shiga, a ɗauke wuta kwana biyu, kifina suna nan. Ina ganin ana tsorata bawan Allah ne kawai.

Malama Maman Sadiƙ:
Malam, tarwaɗa daban take. Tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa kake ganin tana lekowa saman ruwa, shi ya sa kuma take rayuwa a taɓo. Kifin teku da murjani ba su da wannan. Iskar da ta narke cikin ruwa kaɗai suke da ita, ruwan gishiri kuma bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, mai ɗumi bai kai mai sanyi ba. Famfo ya tsaya da dare a tanki mai zafi, kafin asuba an yi asara.

Mai Tarwaɗa:
Wannan kam ban ja ba. Ko ƙarfasa ba ta da juriyar tarwaɗa, balle abin teku.

Injiniya:
Tunda an zo kan wuta, bari in yi maganar aikina. Mutane suna lissafin tanki da rana, alhali da dare ake mutuwa. Da rana sola na ba ka wuta har ta yi yawa. Daga magariba zuwa hantsi batir ne kaɗai, kuma batirin nan shi ke ɗauke da fankar ɗakin yara da firiji da talabijin. Ƙarfe uku na dare inbata ta yi ƙara ta mutu, kowa na barci.

Abin da nake ba mutane shawara: a raba famfon da ke kaɗa ruwa daga wutar gida gaba ɗaya. A sami ƙarami mai aiki da bolt 12 ko 24, a ba shi batirinsa shi kaɗai. Fitila in ta mutu kwana ɗaya ko biyu murjani ba zai ce komai ba. Motsin ruwa ne ba ya jira. A kuma ajiye ƙaramin famfon iska mai batirin tocila a kusa, a nuna wa uwargida da babban yaro yadda ake kunna shi, don ba kullum maigida ke gida ba.

Na'urar sanyaya ruwa kuwa ita kaɗai tana iya jan wutar da ta fi ta sauran kayan tankin a haɗe, kuma zafin da ta cire daga ruwa cikin ɗakin take zubawa. In ka kulle ta a ƙasan kabad ka yi aikin banza.

Abban Nana:
Allah ya saka. To idan na sa fanka a saman ruwan fa? Na ji ana cewa tana rage zafi.

Injiniya:
Tana ragewa sosai, kuma a nan ne busasshiyar iskarmu ta yi mana rana. Yadda randa ke sanyaya ruwa ke nan, wanda ya tsattsafo ya bi iska ya tafi da zafin. A Maris da Afrilu da iska ba ta da laima, ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana iya sauke maka digiri 2 zuwa 3. Amma ka lura, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da hadari ke haɗuwa ana gumi ruwa bai sauka ba, ƙarfinta raguwa yake.

Malama Maman Sadiƙ:
Kuma fanka tana da kuɗinta, ba na wuta ba. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Mu yi lissafi. Tankin lita 60, in ka cire duwatsu da yashi, a ce ruwan lita 50 ne. Gishirin teku giram 35 ne a kowace lita, wato 1.026 a ma'aunin gishirin da kuke leƙawa. In lita 2 ta tashi a yini, gishirin ya koma kusan 36 da rabi. Ka yi tafiyar kwana uku Kano ba wanda ya ƙara ruwa, ya kusa 40. Ka dawo ka zuba jarka guda a lokaci ɗaya, ya faɗo 35 cikin minti biyar. Wannan hawa da saukar ta fi lambar kanta illa. Mai laushin da ke tankinka yanzu zai tsuke ya yi fushi ya sake buɗewa. Acropora naman jikinsa ne zai fara saɓulewa daga gindi, wani lokaci cikin yini guda reshe ya koma fari fat.

Don haka duk mai sa fanka dole ya sa na'urar da ke ƙara ruwa da kanta kaɗan-kaɗan. Kuma ruwan daɗi ake ƙarawa, ba mai gishiri ba.

Ɗan Rafindadi:
Ruwan ƙarin ai mai sauƙi ne, fiya wata. Gishiri kuma ga shi a kasuwa buhu-buhu. Ni abin da ke ba ni haushi a harkar nan komai sai an ce daga waje. Har maganin alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin ruwa, da suke sayarwa a kwalba, na karanta soda ne kawai. To mu da muke da kanwa?

Hajiya Yaya, GRA:
Ɗana, tsaya in ba ka amsa ɗaya bayan ɗaya, don ni ma na fi son abin gida in zai yi.

Gishirin girki sodiyam da kulorayid ne kawai, an ƙara masa aidin. Ruwan teku yana da magnisiyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu da yawa, kowanne da gwargwadonsa. Da kalsiyam ɗin murjani ke gini. Saboda haka gishirin tanki na kamfanoni irin su Red Sea ko Instant Ocean ko Tropic Marin ba ado ba ne, babu makawa.

Fiya wata an yi shi don sha ne, ba laifinsa ba ne in yana ɗauke da ma'adinai. Ka sa ƙaramin ma'aunin TDS, mai auna ma'adinan da suka narke a ruwa, a ciki ka gani, ba sifili zai nuna ba, kuma na wannan kamfanin daban da na wancan. Ruwan burtsatse ma haka, wani yana da naitiret mai yawa. Duk abin da ke cikin ruwan ƙari taruwa yake a tanki, tunda ruwa kaɗai ke fita. Ni matatar RO nake da ita, mai tace ma'adinai daga ruwa, da ƙarin tulun DI a ƙarshe mai kwashe sauran, in ma'auni ya daina nuna 0 in canza.

Kanwa kuwa ka yi rabin gaskiya. Akwai sodiyam kabonet da baikabonet a cikinta. Amma jiƙa ungurnu a kofin gilashi ka bar ta ta kwana, ka ga abin da zai kwanta a ƙasa. Ƙasa ce da yashi da gishirin da ba ka san ko menene ba, kuma wannan dunƙulen ba ƙarfinsu ɗaya da wancan ba. Abin gida da ke aiki shi ne bekin soda na kek, tsantsa, ba bekin fauda ba. Giram ɗaya da rabi a lita 50 yana ɗaga alkaliniti da kusan 1 a ma'auninsa da ake kira dKH. A narkar da shi a ruwan RO, a zuba a hankali inda ruwa ke gudu, kada a ɗaga fiye da 1 a yini.

Ɗan Rafindadi:
Na gode Hajiya. Na kanwa na janye. Amma har yanzu ina ganin da za a kawo ruwan tekun Legas a jarka da an huta da sayen gishiri.

Malama Maman Sadiƙ:
Ka lura gabar Najeriya ba ta da shingen murjani irin na Bahar Maliya ko Kenya. Kogin Neja da sauran koguna suna zuba ruwan daɗi da laka a wurin, ruwan ya yi duhu gishirinsa ya ragu. Ga dattin birni. Sannan ka ɗauko shi tafiyar sama da kilomita 1,000 a bayan mota cikin rana, duk ƙananan halittun ciki su mutu su ruɓe a jarkar. Buhun gishiri ya fi araha.

Baba Alhaji, Daura:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba ni da tanki, jikana ne ya sa ni a zauren nan saboda kifin ado da muke da shi a tsakar gida. Amma na taɓa ganin murjani da idona a Bahar Maliya wajen Jidda, daga cikin ƙaramin jirgi, ruwan garau har ƙasa, abin kamar ba a duniya ba. Allah ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Tambayata ga Abban Nana ita ce, abin nan mai rai ne, Malama ta ce dabba ne. In ka ɗauko shi daga inda Allah ya ajiye shi ka kawo shi garin da ka san zai wahala, wa zai amsa tambaya? Duk dabbar da ka tsare, ci da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Ba hana ka nake ba. Ina so ka sa wannan a ma'auni tare da kuɗin.

Abban Nana:
Ranka ya daɗe Baba, wannan magana ta shige ni. Mai sayarwar ya ce ba daga teku aka ciro ba, a tankinsa ya girma ya yanko reshe.

Hajiya Yaya:
Haka ya kamata, kuma ana iya ganewa. Wanda aka reno za ka gan shi manne a kan ɗan faifan siminti ko tangaran, naman ya malalo ya rufe gam ɗin har ya fara bin faifan. In ka ga sabon karaya fari da gam ɗanye, jiya aka yanke shi, kada ka yarda a sa shi a hanya. Ka ce ya turo bidiyo da farar fitila, don shuɗiyar tana ɓoye lahani. Sannan duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ba a tsallaka iyakar ƙasa da shi sai da takarda. Indonesiya ma ta taɓa dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020. Ka tambaye shi asalin uwar da ya yanko.

Amma maganar Baba ba ta faɗi ba don an reno shi a tanki. Rai rai ne.

Injiniya:
Hajiya, ke da kike da masu ƙashi a garin nan, gaya masa gaskiyar abin da kike kashewa a kansu.

Hajiya Yaya:
Kuɗi ba zan faɗa ba, amma ɗakin da tankina yake ba ya rabuwa da na'urar sanyaya ɗaki daga Maris zuwa Yuni, ruwan yana tsakanin 25 da 26. Da hunturu kuma hita nake sawa, don daren Disamba da Janairu yana sauke ƙaramin tanki ƙasa da 22, mutane suna mantawa da wannan. Ƙurar hunturu ma aiki ce, kullum sai an kwashe ta a saman ruwa.

Kuma ban fara da Acropora ba. Euphyllia na fara sawa, mai kai kamar guduma. Shi ma ƙashi gare shi, amma namansa kauri ne, yana yi maka magana kafin ya mutu. In yana jin daɗi za ka ga ya kumbura ya rufe ƙashin gaba ɗaya, yatsun suna kaɗawa a hankali, kan kowanne da ɗigon kore mai ƙyalli. In wani abu ya canza a ruwan, da safe za ka tarar ya shige ciki, haƙoran ƙashin sun fito. Ka tashi ka auna. Bayansa na sa Montipora mai faranti. Shi kuma bakin farantin ake kallo: in akwai siririn layi mai haske a gefe, yana girma ke nan.

Da ka sa masu ƙashi, awo ya zama wajibi. Alkaliniti tsakanin dKH 7 da 9, ka zaɓi lamba ɗaya ka zauna a kanta. Kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. Magnisiyam wajen 1,300, in ya yi ƙasa sauran biyun ba za su zaunu ba. Duk dKH 1 da murjani ya ci yana tafiya da kalsiyam kusan 7, shi ya sa alkaliniti ke fara nuna alama, shi za ka fi yawan aunawa. Naitiret da fosfet kaɗan ake so, ba sifili ba, in ka tsane su ƙaf murjani koɗewa yake. Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 duk mako ya isa ƙaramin tanki riƙe yawancin wannan tun murjanin bai yi yawa ba.

Mai Tarwaɗa:
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ko mu masu ruwan daɗi yana yi mana ɓarna: maganin sauro. Wani maƙwabcina an fesa fiya-fiya a falonsa da magariba aka rufe ƙofa, da safe ba abin da ya rage a tankin.

Hajiya Yaya:
Sosai. A ɗakin tanki ba feshi, ba igiyar sauro. Turaren wuta ma a ɗaki na can nake sawa, don famfon kumfa mai cire datti iskar ɗakin yake zuƙa ya cusa cikin ruwa. Hannu mai man shafawa ko sabulu kada ya shiga. Kuma duk maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, ko ɗigo, yana kashe murjani, kada a haɗa ko bokiti da shi.

Ɗan Rafindadi:
To ni dai a ganina ya karɓa ya sayi na'urar sanyayawar a lokaci guda. In ya jira wani zai saye.

Injiniya:
Na'urar da ba a gwada ta da batirinsa a daren Afrilu ba, ba a san ko za ta kai asuba ba. Gwaji da ruwa ake yi, ba da dabba ba. Acropora kuma ba ya ƙarewa, reshe ne, wata shida ya sake tsiro wani.

Malama Maman Sadiƙ:
Ina tare da Injiniya. Abban Nana, ka sami littafi ka rubuta zafi sau biyu kullum, asuba da la'asar, da gishiri, daga yanzu har ruwan sama ya zauna. In ka iya riƙe shi ƙasa da 27, bambancin dare da rana bai wuce digiri 1 ba, to tankinka ya ci jarrabawa. Lokacin sai ka fara da irin na Hajiya a Yuli ko Agusta, wanda ko jigilar ma ta fi sauƙi, don leda mai ruwa kofi guda in ta zauna a rana a filin jirgi ba ta da kariya.

Abban Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi wa mai sayarwar magana, na ce ya sayar wa wani, in Allah ya kai mu damina mu yi maganar Euphyllia. Kuɗin zan sa a fanka da na'urar ƙarin ruwa da batirin famfo. Tambaya ta ƙarshe: ma'aunin zafina irin wanda ake mannawa a jikin gilashi ne ta waje, ya isa?

Injiniya:
Bai isa ba, rabin abin da yake nuna maka zafin ɗaki ne. Ka sami mai waya da ake tsomawa cikin ruwa, wanda ke riƙe mafi sama da mafi ƙasa na yini. Ka sa kan wayar nesa da hita da fitila, a inda ruwa ke gudu. Ka haɗa da na gilashi mai araha a ɗaya gefen don su riƙa tsare juna. In ka sayi batirin ka turo hoton takardar jikinsa da ta famfon a nan, in lissafa maka awa nawa zai ɗauka.